Sharhi: Sanata Katung ya koma APC, ina Hausawan Kafanchan suka tsaya a lissafin 2027?

Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, babu jam'iyyar da ta taɓa cin kujerar sanatan Kaduna ta Kudu a akwatin zaɓe sai PDP. Zaɓe bakwai ke nan a jere. Hatta guguwar Buhari ta 2015, wadda ta yi awon gaba da kujerar gwamna da sauran sanatocin jihar biyu, da ta iso nan sai ta yi sanyi. Sai ga shi a ƙarshen 2025 kujerar ta faɗa hannun APC ba tare da an dangwala ko ƙuri'a ɗaya ba, domin mai riƙe da ita, Sanata Sunday Marshall Katung, ya ajiye lema ya ɗauki tsintsiya.

Wani zai ce, to mu da muke Agege da Sabon Ibadan da Onitsha da Fatakwal, me ya haɗa mu da sanatan Kudancin Kaduna? Ai kuwa abu ya haɗa mu. Da yawa cikinmu 'yan Kafanchan ne, ko Kachia, ko Jere, ko Zango, iyayensu suna can. Cittar da ake saukewa a Mile 12 ma mafi yawanta daga wannan yankin take fitowa. Babban abin da ya sa na ga ya dace mu tattauna batun shi ne, Bahaushen Kafanchan da Bahaushen Legas matsalarsu ɗaya ce ranar zaɓe: suna da yawan da za a gan su, amma ba su kai yawan da za su ci kujera su kaɗai ba. Abin da ya same su can darasi ne gare mu nan.

Wane ne Katung, kuma ta ina ya biyo?

Barista Katung lauya ne, ɗan ƙabilar Bajju daga ƙaramar hukumar Zangon Kataf. Ya taɓa riƙe kwamishina a jihar Kaduna. A 2015 ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta Zangon Kataf da Jaba a PDP, ya yi zango ɗaya. A 2019 bai koma majalisa ba, sai ya tsaya mataimakin Isa Ashiru Kudan a takarar gwamna. Nasir El-Rufai ya kayar da su da ƙuri'u 1,045,427, su kuma suka samu 814,168. Shekara huɗu Katung ya yi a benci.

A 2022 ya dawo ya kayar da sanata mai ci, Danjuma La'ah, a zaɓen fidda gwani na PDP. Wannan ba sabon abu ba ne a yankin. Ku dubi jerin waɗanda suka riƙe kujerar: Haruna Aziz Zego a 1999, marigayi Isaiah Balat a 2003, Caleb Zagi a 2007, Nenadi Usman a 2011, sai La'ah a 2015 da 2019, sannan Katung a 2023. A cikinsu duka La'ah ne kaɗai ya yi zango biyu. Mutanen Kudancin Kaduna sun daɗe suna riƙe da jam'iyya gam, amma ba su da haƙuri da mutum. Babban zaɓe kusan shaida ce kawai, ainihin faɗan a wurin fidda gwani ake yin sa. Duk wanda ya samu tikitin lema, to ya fara ɗinka rigar rantsuwa.

Ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin zancen. Duk nasarar da Katung ya samu a akwati, a ƙarƙashin lema ya same ta, a yankin da lema ke cin zaɓe ko wa aka tsayar. Har yau ba a auna nauyinsa shi kaɗai ba.

Abin da alƙaluma suka ce

Mazaɓar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Jema'a, Kachia, Kagarko, Kauru, Kaura, Jaba, Sanga da Zangon Kataf. A 2019 La'ah ya samu ƙuri'u sama da 268,000. Abokin karawarsa na APC, marigayi Barnabas Bala Bantex, wanda a lokacin shi ne mataimakin gwamna mai ci, ya tashi da kimanin 133,000. Ninki biyu ke nan. Mataimakin gwamna guda, da gwamnatin jiha da ta tarayya a bayansa, bai ko kusa ba.

A 2023 kuwa labari ya sha bamban. Katung ya ci da ƙuri'u kimanin 138,000. Na biyu ba APC ba ce, Michael Ayuba Auta ne na jam'iyyar Labour da kimanin 101,000. Bulus Audu na APC ya zo na uku da 77,000 da ɗoriya. Wato cikin shekara huɗu PDP ta zubar da kusan rabin ƙuri'unta a yankin. Idan ka haɗa na Labour da na APC sun haura na Katung da kusan dubu arba'in. Ya ci zaɓe halal, amma waɗanda ba su zaɓe shi ba sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa.

Ina ƙuri'un PDP suka tafi? Mafi yawansu Peter Obi ne ya janye su. An yi zaɓen sanata rana ɗaya da na shugaban ƙasa, kuma Obi ya samu ƙuri'u 294,494 a jihar Kaduna, ya lashe ƙananan hukumomi da dama a kudu. A Kaura har wani ɗan acaɓa, Donatus Mathew, ya kayar da Gideon Gwani wanda ya daɗe a Majalisar Wakilai. Duk wanda ya ga wannan ya san tsohon lissafin nan na cewa Kudancin Kaduna gonar PDP ce ya fara ruɓewa tun kafin kowa ya sauya sheƙa.

Shi ma gwamna ya ga nasa alƙaluman. Uba Sani ya ci da 730,002, Isa Ashiru na biye da 719,196. Tazarar 10,806 ce kacal, kuma Jonathan Asake na Labour ya kwashi 58,283. Da ƙuri'un Asake sun faɗa wa Ashiru, da yanzu wani zance ake. Ga shi PDP ta cinye kujerun sanata uku na jihar a wannan shekarar. Mutumin da ya sha da ƙyar haka ba zai sake shiga zaɓe yana gaba da ƙananan hukumomi takwas ba. Ruwa ba ya tsami banza. Zawarcin da gwamnati ta shiga yi wa kudu daga 2023 daga wannan tazarar ya samo asali.

Abin da aka samu a ƙasa

Adalci shi ne a faɗi abin da ya tabbata. A 2025 gwamnatin tarayya ta mayar da Jami'ar Nok da ke Kachia, wadda kotu ta ƙwace ta miƙa wa gwamnati bayan shari'ar da hukumar EFCC ta shigar, zuwa jami'ar tarayya ta kimiyya. Katung ne ya kai ƙudirin kafa jami'ar a Majalisar Dattawa. An naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. A shekarar dai aka kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a babban asibitin nan mai sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa. Wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya cikin dare daga Kafanchan zuwa Jos ya san darajar wannan.

Sai ka san yadda abin yake a da kafin ka gane girmansa. Manyan cibiyoyin tarayya na jihar, irin su ABU da asibitin koyarwarta da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja da Kaduna Poly, duk a Zariya da cikin garin Kaduna suke. Shekaru aru-aru mutanen kudu na ƙorafi a kan haka. Ga kuma Janar Christopher Musa, ɗan Zangon Kataf, da ya riƙe Babban Hafsan Tsaron ƙasa daga 2023 zuwa Oktoban 2025, daga baya aka ba shi Ministan Tsaro.

A zamanin La'ah kuwa tsakaninsa da El-Rufai sai harara. Lokacin ne aka yi ta kai hare-hare a Godogodo da Goska da ƙauyukan Kaura, aka saka dokar hana fita a Kafanchan, aka rufe manyan makarantun yankin na tsawon watanni. La'ah ya yi ta magana a majalisa, mutanensa sun ji daɗin an faɗi abin da ke ransu, amma babu wani babban aikin tarayya da ya sauka. Katung ya ɗauki wata hanya, ta zama da masu mulki a yi ciniki. Ko kana son sa ko ba ka so, cinikin ya kawo kaya.

Sai dai ga wani abu da magoya bayansa ba su cika son a taɓo ba. Jami'ar Kachia da asibitin Kafanchan duk an amince da su ne yana PDP. An ba da su ne lokacin da ake neman yankin. To yanzu da amarya ta tare, wa ya ce za a ci gaba da kawo toshi? Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowane ɗan yankin, Kirista ko Musulmi, ya yi masa.

Sauya sheƙar

Katung ba shi ne farkon tafiya ba. Donatus Mathew ya bar Labour zuwa APC a ƙarshen 2024. Amos Gwamna Magaji na Zangon Kataf da Jaba ya bi a farkon 2025. Daniel Amos na Jema'a da Sanga kuma tare da sanatan suka fita. Shi kuma El-Rufai, wanda da yawa a kudu ke kallo a matsayin babban dalilin ƙin APC, ya bar jam'iyyar a Maris na 2025. Fitarsa ta buɗe wa mutane da dama ƙofar shiga ba tare da jin kunya ba.

Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta dare gida biyu. To PDP kuwa kowa ya ga halin da take ciki. Mutanenmu na Ibadan sun ga babban taron da wani ɓangare ya yi a Adamasingba a Nuwamban 2025, ɗaya ɓangaren yana Abuja yana cewa bai san zancen ba. Da wannan ɓarakar masu fita ke kare kansu. Ta fuskar doka ƙila sun tsira. Ta fuskar mai zaɓe kuwa, wanda ya sha rana a layi ya dangwala wa lema, babu wanda ya tambaye shi.

'Yan APC suna wani lissafi a takarda: 138,000 na Katung a haɗa da 77,000 na jam'iyya, an haura 215,000, zaɓe ya ƙare. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba. Ƙuri'a ba buhun citta ba ce da za a loda a mota a sauke a wata kasuwa. Cikin waɗanda suka zaɓi Katung akwai dubbai da tun 1999 ba su taɓa dangwala wa wata alama ba sai lema. Akwai waɗanda tikitin Musulmi da Musulmi, a Kaduna tun 2019 da kuma a tarayya a 2023, har yau yana musu ciwo. Mutum 101,000 da suka bi Labour ba su ɓace ba, kuma Nenadi Usman, 'yar Kagarko, tana cikin jagororin wannan jam'iyyar a matakin ƙasa. Wasu za su bi sanatan saboda jami'a da asibiti, wasu ba za su bi ba. Abin da na fi zato shi ne zaɓen da za a ci da ƙaramar tazara.

Inda Hausawa suka shigo

A nan ne zancen ya iso gida. Hausawa da Fulani da sauran Musulmin yankin, a cikin garin Kafanchan da Kachia da Jere da Kagarko da Kauru da sauransu, galibinsu tun zamanin CPC suke bin Buhari, daga baya suka zarce APC. Ba su kaɗai ba ne a cikinta, akwai Kiristoci irin su Bantex da suka sha zagi a kanta. Amma kowa ya san wane ne ginshiƙin ƙuri'unta a yankin lokacin da ba ta da farin jini.

Me wannan biyayyar ta jawo musu a kujerar sanata? Kusan babu. Ɗan takarar PDP ya san ko ya je roƙo ba za a ba shi ba, kuma ko ba su zai ci, don haka bai ɓata takalminsa ba. Ɗan takarar APC ya san ko bai je ba za a ba shi, shi ma bai wahalar da kansa ba. Ƙuri'ar da kowa ya san inda za ta faɗa tun kafin a buga ta, babu mai tayawa.

Yanzu kiɗa ya canza. Sanatan da suka ƙi zaɓa sau da dama ya shigo gidansu, kuma idan ya rasa wani kaso na tsofaffin masoyansa, da ƙuri'unsu zai cike giɓin. A karon farko tun 1999, mai riƙe da kujerar yana buƙatarsu. Wannan dama ce, amma akwai haɗari a tare da ita. Idan babban mutum ya shigo jam'iyya da tawagarsa, abu na farko da ake yi shi ne rabon shugabancin mazaɓu da na ƙananan hukumomi. Wanda ya riƙe tutar jam'iyya tun tana abin gudu sai ya wayi gari an ce ya matsa baƙi su zauna. Idan Hausawan yankin suka yi shiru har aka gama rabon, za su tashi ba tsuntsu ba tarko: ƙuri'arsu ta zama tabbas kamar da, kujerunsu a jam'iyya kuma sun tafi.

Don haka a ganina lokacin magana yanzu ne, kafin a ba kowa tikiti. Kuma kada a je da maganar shinkafa da atamfa. A je da abin da za a iya rubutawa a bibiya. Za a ɗauki ma'aikata a asibitin Kafanchan da jami'ar Kachia, wane tsari za a bi don yaron da aka haifa a Kafanchan, kakansa ma a nan aka haife shi, ya samu gurbi? Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wa ake ba, wa ake hanawa, kuma bisa wace ƙa'ida? Iyalan da rikicin bayan zaɓen 2011 ya kora daga Zonkwa da Matsirga, waɗanda da yawansu suka daɗe a sansanin alhazai na Mando, ina maganar gidajensu da gonakinsu? Idan aka dawo da batun ƙirƙiro jihar Gurara, mene ne matsayin Bahaushe da Bafulatani a cikinta? Sai kuma citta. Cutar da ta faɗa wa gonaki a 2023 ba ta tambayi addinin kowa ba, ta karya manomin Jaba, ta karya dillalin Kachia, ta karya mai shago a Legas. Wannan buƙata ce da za a iya kai wa sanata baki ɗaya.

Kuma wallahi sai an yi hattara da harshe. Yankin nan ya ga 1987 a Kafanchan, ya ga 1992 a Zangon Kataf, ya ga 1999, ya ga 2011, ya ga hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyukan Kiristoci daga baya. Kowane ɓangare yana da kaburburan da zai nuna. Wanda ya je teburin ciniki yana ƙirga gawarwakinsa kaɗai, ba zai dawo da komai ba sai sabuwar gaba. Idan kana son a ji kukan Matsirga, sai ka yarda ka ji kukan Goska.

Namu rabon a nan kudu

Jama'a, duk abin da na faɗa a kan Kafanchan, ku cire sunan ku sa Agege ko Sasa ko Ama Hausa, zai zauna daram. Mu ma an san inda ƙuri'armu ke faɗawa. Ana gobe zaɓe a zo fadar Sarkin Hausawa, a ɗauki hoto, a bar ambulan, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Da rikicin kasuwar Sasa ya tashi a Fabrairun 2021, da aka kashe mafarauta 16 a Uromi a Maris na 2025, gwamnonin Arewa muka zuba wa ido. Me ya sa? Saboda ɗan majalisar unguwar da muke ciki bai ga abin da zai rasa ba idan ya yi shiru.

Alhali tazarar da ake cin zaɓe da ita a nan ma ba ta da yawa. A Legas a 2023, tsakanin Obi da Tinubu ƙuri'a ba ta kai 10,000 ba. Mutanen Mile 12 da Alaba Rago da Idi Araba kaɗai sun ninka haka. Sai dai da yawanmu katinmu na Kano ne ko Sakkwato ko Kafanchan. Ranar zaɓe ko mu yi tattaki zuwa gida, ko mu kwana a shago. Mutum ya shekara ashirin yana biyan haraji a Ibadan, amma a rajistar Ibadan babu sunansa. Hukumar INEC ta buɗe rajista tun Agustan 2025, kuma doka ta ba kowa damar mayar da katinsa inda yake zaune. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu, kuma da ƙuri'a ya hau. Ya shiga jam'iyyar mutanen garin ne tun daga tushe, aka san shi, aka buƙace shi.

Akwai ma abin da ya shafe mu kai tsaye a Majalisar Tarayya. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin da zai ba wanda ya daɗe da zama a wata jiha damar zama ɗan jihar, aka yi ta hayaniya har ya janye shi. Wannan ƙudirin maganar Bahaushen Sabo ce, maganar Ibo ɗan Sabon Garin Kano ce, maganar Bahaushen Kafanchan ce. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'armu, nan ko can, a tambaye shi a gaban jama'a ina ya tsaya a kai.

Katung zai iya zama na biyu da ya yi zango biyu a kujerar nan, zai kuma iya bin sahun su Zagi da Nenadi. Kafin ya kai ga akwati ma sai ya tsallake fidda gwani a gidan da ya tarar da masu gida. Wanda ke da 'yan uwa a Kafanchan ko Kachia ya buga musu waya ya tambaya: an zauna da ku? Me kuka nema? Wa ya rubuta? Mu kuma a nan kowa ya zaro katinsa ya duba sunan wace mazaɓa ke jiki.

Allah Ya zaunar da Kudancin Kaduna lafiya, Ya tsare mu a inda muke neman abinci.